Fijo 504 ko Marsandi 230E: wacce zan ɗauka?

Abban_Ummi:
Assalamu alaikum 'yan gida. Na daɗe a wannan zaure ina karatu ban taɓa cewa uffan ba, yau dai buƙata ta fito da ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin gwamnati ne, kuma motar da na buɗi ido na gani a ƙofar gidanmu ita ce Fijo 504 salun, ruwan madara. A cikinta aka kai ni makarantar kwana, akwatin ƙarfe a but, garin kwaki a ƙarƙashin ƙafata. Wajen rabon gado aka sayar da ita. Yanzu ina da 'yar Corolla da nake zuwa aiki, na kuma ɗan tara wani abu, ina so in sayi tsohuwar salun ta zuwa masallacin Juma'a da ɗaurin aure.

Biyu ne a gabana. Ta farko 504 ce a Zariya, mai ita ya ce ƙirar Kaduna ce, an yi mata sabon fenti, kuma tana tashi bugu ɗaya. Ta biyu Marsandi 230E ce a nan Kano, mai zagayayyun fitilu, an ce mini ta 1984 ce. Ta wani dattijo ce da ya rasu, shekara shida tana ajiye a gareji, fentinta na asali ne amma ya kwanta, kuma ba ta tashi. Kuɗin da aka sa musu kusan ɗaya ne. Zuciyata tana kan Fijo, idona yana kan Marsandi. Masana, ku taimaka mini.

Lissafi_Dole:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Shawarata ta uku ce: kar ka sayi ko ɗaya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane ke neman hanyar rabuwa da manyan motoci, kai kuma kana neman ɗaurawa kanka mai kafireta? Ka sayi fili.

Direban_Jos:
Malam Lissafi, mutum ya ce yana son tuwo ka ce ya sha shayi. Abban Ummi, ɗauki Fijo ka huta. Shekara goma sha ɗaya na yi ina jan 504 wagon tsakanin Jos da Kano, fasinja bakwai, kaya har saman but. Ramin da za ka faɗa da motar zamani ka ji haƙoranka sun haɗu, ita Fijo lilo kawai za ta yi ta wuce. Ban taɓa kwana a daji saboda ita ba. Abin da ke cikin akwatina bai wuce kwantak, filogi, fanbel da waya ba.

MaiFenti_Gusau:
Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a rai cikin bayaninka: "sabon fenti". Ni sana'ata ke nan, shi ya sa nake tsoronsa. Wanda zai sayar da tsohuwar mota ya kai ta fenti, kashi biyu ne: ko dai yana son ta yi kyan gani, ko yana rufa mata asiri. Na biyun sun fi yawa.

In za ka je Zariya, tafi da ƙaramin maganaɗisu, irin na jikin lasifikar rediyo, ka naɗe shi da ƙyalle don kar ya karce fenti. Bi da shi gindin ƙofofi, bakin tayoyi, ƙasan gilashin gaba da na baya. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya saki, foti aka cusa. Ka ɗaga kafet ɗin ƙasa gaba da baya, ka cire safaya ka leƙa raminta, ka ɗaga batir ka ga farantin da yake zaune a kai. Sannan ka buɗe bonet ka dubi kan shokoba ta ɓangarori biyu, nan ne 504 ke fara ruɓewa. In ka ga walda a wurin, yi musu sallama.

Inji ana sauke shi a ɗora wani a yini ɗaya. Jikin da tsatsa ta ci kuwa, sai dai ka yi ta faci har ka gaji.

Vboot_Kano:
Da girmamawa ga masoya Fijo, amma ai ba a haɗa su. 504 motar ma'aikata ce da 'yan haya, Marsandi motar masu gari ce. Rufe ƙofar 230E sau ɗaya ka ji ƙarar, sannan ka rufe ta Fijo, kai ma za ka yanke hukunci. Wannan samfurin da ake kira W123 an ƙera shi daga 1976 zuwa 1986, kusan miliyan 2.7, kuma har yau suna yawo a duniya. A Maroko shekara da shekaru su ne tasi tsakanin garuruwa. Mota mai fentin asali, mai mutum ɗaya, da ta kwana a inuwa, ai wannan ita ake nema ruwa a jallo.

Malam_Tarihi:
Kafin a yi nisa, akwai abin da bai daidaita ba a bayanin Marsandin nan. Abban Ummi ya ce fitilunta zagayayyu ne, kuma an ce masa ta 1984 ce. Daga ƙarshen 1982 kamfanin ya mayar da duk W123 masu faffaɗar fitila mai kusurwa, irin wadda a da, a cikin salun, 280 da 280E kaɗai ke da ita. Ita kuma 230E a 1980 ta fara fitowa. Ke nan in fitilun nata na asali ne, tsakanin 1980 da 1982 aka yi ta. In kuwa da gaske ta 1984 ce, to an taɓa canza mata gaba, sai a tambayi dalili. Mai yiwuwa ne kuma 1984 ɗin shekarar da aka shigo da ita ce, magada suka ɗauka shekarar ƙira ce.

Hanya mai sauƙi: duba lambar shasi. 230E salun tana ɗauke da 123.223. In ka ga 123.123, to 240D ce mai gas aka canza wa inji da tambari.

Abban_Ummi:
Ikon Allah. Malam Tarihi, wallahi ban san wannan ba. Zan sa yaron gidan ya ɗauko mini hoton lambar. Na gode ƙwarai.

BakanikenPanteka:
Alhaji Vboot, ina jin ka, amma bari in faɗi abin da ke zuwa gareji na. Mota da ta yi shekara shida ba ta motsa ba, ba hutawa ta yi ba, ciwo ta kwanta. Fetur ɗin da ke tanki ya zama kamar danƙo. Tankin ya yi tsatsa daga ciki. Birki ya kama, robobin duk sun bushe, tayoyi ko da zanensu bai goge ba sun mutu. Kuma wannan "E" ɗin da ke bayan 230, injekta ce, irin ta Bosch da ake kira K-Jetronic. Ba ta kwamfuta ba ce, da matsin mai take aiki, akwai wani kan rabon mai a saman inji mai siraran bututai huɗu. Abin nan ba ya son datti, ba ya son zama. In ya toshe, mutum nawa ne a Kano za su buɗe shi su mayar daidai? Ana samu, amma tsofaffi ne, kuma kullum raguwa suke. Abin da yara ke yi shi ne su cire su ɗora kafireta, mota ta tashi, amma ta tashi daga 230E.

Ita kuwa 504, ko a ƙauyen da babu wutar lantarki za ka sami wanda ya san kafiretarta. Kayan ta na nan a Panteka, na nan a Ƙofar Ruwa, sabo da na Beljiyam. Ni ka'idata ɗaya ce: kafin ka sayi tsohuwar mota, fara nemo wanda zai riƙa duba maka ita. In ka same shi, tafi da shi wajen ciniki, ka biya shi kuɗin yininsa.

Vboot_Kano:
Oga, ai ka faɗi gaskiya amma ba ka ƙarasa ba. Faɗa masa ciwon Fijo ma mana. Ko ba ita ce mai tafasa a go-sulo ba?

BakanikenPanteka:
Zan faɗa, ba na ɓoye wa kowa. Injin 504 mai lita biyu, silib ɗinsa a cikin ruwa yake zaune, ana zare shi a sa wani, shi ya sa gyaransa ke da sauƙi. Amma kan injin na alminiyam ne. In aka bar ta ta yi zafi sau biyu sau uku, gaskit ya ƙone, kan ya lanƙwashe, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Kuma yawancin laifin namu ne: a cire tamostat a yar, a riƙa ɗura ruwan rijiya a lagireto har ya toshe.

Abban Ummi, ga yadda za ka gane. Ka ce wa mai motar kada ya tayar da ita kafin ka zo. Kana isa ka ɗora hannu a kan inji, in da ɗumi, an riga ka. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa na shiga. A tayar, ka koma baya ka kalli salansa. Hayaƙi shuɗi, tana shan baƙin mai, ringi ne. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa, ruwa ne. Baƙi, kafireta ce ke ɓarin mai, wannan ƙaramin aiki ne. Sannan ka bar ta tana aiki a tsaye minti ashirin, idonka a kan allurar zafi.

TsohonKakuri:
Salamu alaikum. Jikana ne ya nuna mini wannan hira, ya ce ana maganar motarmu. Na yi aiki a kamfanin Fijo na Kaduna tun ina saurayi har na yi ritaya. A 1975 aka fara harhaɗa motoci a Kakuri. A shekarun farko kayan ta jirgin sama ake kawo su daga Liyon ta Faransa zuwa Kano, a loda a manyan motoci zuwa Kaduna. Ita 504 a 1968 ta fito a Faransa, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Su can sun daina yin salun ɗin a 1983, mu kuwa muka ci gaba da ita har wajen 2006. Shi ya sa in mutum ya ce maka "504 ce", ka tambaye shi ta yaushe, don tsakanin ta farko da ta ƙarshe an kusa shekara arba'in.

Ɗana Abban Ummi, ka duba farantin da ke cikin bonet, shi zai gaya maka inda aka haɗa ta. Ka kuma durƙusa ka leƙa ƙafar baya. Akwai masu ƙafar da kowace taya ke motsi ita kaɗai, akwai masu aksul guda ɗaya miƙaƙƙe. Ta farkon ta fi laushi a kan kwalta, ta biyun ta fi juriyar kaya da sauƙin gyara. Allah ya jiƙan mahaifinka. Irin su ne suka riƙe motocin nan kamar 'ya'yansu.

Abban_Ummi:
Amin Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan bayani ya fi ƙarfin godiya.

Talibi99:
Baba ranka ya daɗe, tambaya. Na ji ana cewa a cikin 504 aka harbe Janar Murtala, gaskiya ne?

Malam_Tarihi:
A'a ɗan'uwa. A cikin baƙar Marsandi 230.6 aka harbe shi, ranar 13 ga Fabrairun 1976 a Legas, kuma motar na nan a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, da ramukan harsashi a jikinta. Abin da ya sa ake haɗa zamanin da Fijo shi ne, gwamnatin soja ta wancan lokaci, musamman ƙarƙashin Obasanjo, ta ɗauki tsarin rage facaka, aka mayar da 504 motar jami'an gwamnati. Daga nan ta zama motar kowane babban sakatare da shugaban makaranta.

Vboot_Kano:
To kun gani, ko a tarihin ma shugaban ƙasa Marsandi yake hawa. Kuma akwai direban tasi a Girka da ya yi kilomita miliyan 4.6 da irin wannan motar da Abban Ummi ke dubawa, har kamfanin ya karɓe ta ya sa a gidan tarihinsa. A nuna mini Fijon da ta yi haka.

Malam_Tarihi:
Labarin gaskiya ne Alhaji, amma ba irin wannan ba ce. Tasa 240D ce mai gas, kuma samfurin da ya gabaci W123 ne, wato W115. Injin gas na Marsandi na wancan zamani daban ne, ba shi da gudu ko kaɗan amma ba ya mutuwa. Ba za a ɗauki ladansa a ba 230E mai fetur ba. In kuma alfahari ake so, 504 ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, kuma tsohon shugaban Iran Ahmadinejad ya yi gwanjon tasa ta 1977 a shekarar 2011. Kowa da abin tinƙahonsa.

Maman_Walid:
Ku yi haƙuri in sa baki cikin zancen maza. Abban Ummi, ka yi shawara da Maman Ummi kuwa? Ina tambaya ne don na ga irinta a gidana. Maigidana ya sayo tsohuwar Marsandi, wai ta zuwa ɗaurin aure, kamar yadda ka ce. Wata takwas tana wajen bakanike, wata huɗu tana ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Kullum "saura abu ɗaya". Ranar da ta tashi muka shiga za mu biki, a tsakiyar titi ta mutu, ni da lesi da gwaggwaro na fito muka tari adaidaita. Ban ce kar ka saya ba. Amma ka ware kuɗin gyara daban, wanda ba na cefane ba, kuma ka gaya mata gaskiyar adadin.

Direban_Jos:
Hajiya, da Fijo ya saya da kin isa bikin nan kafin a raba shinkafa.

Maman_Walid:
Malam Direba, kafin Marsandin ai Fijo 505 ce. Ita ma na tura ta.

Lissafi_Dole:
Allah ya saka wa Hajiya, ta faɗi abin da nake nufi. Bari in sa lamba. Tankin 504 lita 56 ne, na Marsandin 65. A 2024 lita ta haura naira dubu a wurare da yawa. Ku lissafa cika tanki sau ɗaya. Sannan tayoyi huɗu, batir, inshora, sabunta takardu, duk don motar da za a hau sau huɗu a wata. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma gara ya san girman ramukan tun a kasuwa.

Injiniya_Bichi:
Malam Lissafi, ai lissafin naka ne ya goyi bayan Abban Ummi ba ka lura ba. Motar da ake hawa sau huɗu a wata, man da take sha ba shi ne matsala ba. Da zai riƙa zuwa aiki da ita kullum, da na bi bayanka. Kuma masu kafireta suna karɓar tukunyar iskar gas ta CNG ba tare da wahala ba, sai dai tukunyar za ta cinye rabin but, kuma ni a ganina huda jikin mota irin wannan ɓata ta ne.

Abin da ya fi damuna shi ne tsaro. Motocin nan galibi ba su da jakar iska, 504 ba ta da birkin ABS, wasu ma babu bel a kujerar baya. In za ka ɗauki yara, fara da birki da taya da bel kafin rediyo da kushin. Na'urar sanyi kuma, in akwai, da tsohon gas R12 aka yi ta, sai an juya ta zuwa R134a.

DanMaradi_227:
Salama alaikum 'yan uwa na Nijeriya. Mu nan Maraɗi da Damagaram 504 ba ta zama kayan tarihi ba tukuna, a-kori-kura ɗinta har gobe tana zuwa kasuwannin ƙauye da buhunan hatsi da awaki a sama. Abin da zan ƙara, motar da ta rayu a ƙasarmu ta Hausa ba ta cika tsatsa ba, don iska a bushe take. Rana ce ke cin ta: dashbod ya tsage, robobin gilashi su farfashe, fenti ya ƙone. Wadda ta fito daga bakin teku, Kwatano ko Legas, ko wadda ta sha gishirin titin Turai lokacin sanyi, ita ce ƙasanta ke ruɓewa. Don haka ka tambayi inda motar ta yi rayuwarta, ba shekarunta kaɗai ba. Mu nan kart giris, wato katin rajistar mota, muke fara dubawa, sunan wa ke ciki, lamba ta yi daidai da ta jikin mota ko ba ta yi ba.

Dillali_Nagari:
Ɗan Maraɗi ya taɓo inda nake jira. Kowa na maganar inji da fenti, ba wanda ya yi maganar takarda, alhali ita ke kai mutum ofishin 'yan sanda. Marsandin nan ta gado ce. Wa ke da ikon sayarwa? An raba gadon? In ɗa ɗaya ne ya kira ka a ɓoye, gobe wani ɗan zai fito ya ce bai sani ba. Na taɓa shiga irin wannan, mun biya, mun ja mota, bayan sati biyu sai ga sammaci, wai akwai ƙanwarsu da ke aure a wani gari ba a sanar da ita ba. Wata biyar ana jeka-ka-dawo, la'adar da na ci ta ƙare a kuɗin mota.

Ka nemi a zauna da babban gidan, a rubuta yarjejeniya, magada su sa hannu, shaidu biyu naka biyu nasu. Ka ga takardar kwastam ta asali, da shaidar mallaka, ka gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce. Fijon Kaduna ba ta da zancen kwastam tunda a gida aka haɗa ta, amma da yawansu gwanjon ma'aikatu ne, to ka nemi takardar gwanjon. Kuma kar ka ba da kafin alƙalami a kan hoto. Cinikin biri a sama ke nan.

Talibi99:
To me zai hana ya yi odar mai tsabta daga Ingila kawai? Na ga suna da arha a intanet.

Injiniya_Bichi:
Na Ingila sitiyarinsu a dama yake. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun Afrilun 1972, motocinmu sitiyari a hagu, kuma doka ba ta yarda da mai sitiyarin dama ba. Juya shi kuma aiki ne da in ba a yi shi da kyau ba, rai ne a ciki. Ga ƙa'idar shekarun motar da ake shigowa da ita, ga hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa da aka yi a farkon 2017. Wadda ke cikin gida da takardunta ta fi kwanciyar hankali.

Vboot_Kano:
Tunda an ƙi 230E saboda injekta, to ya ƙara kaɗan ya nemi V-boot mana. W124 ke nan, ta fi ta zamani, ta fi ta laushi, ga kaya ko'ina. Sai dai ya guji na wajen 1993 zuwa 1995, wayoyin injinsu rigarsu na marmashewa da zafi, rewaya zai zama abokinsa.

MaiFenti_Gusau:
Alhaji, mutumin nan motar babansa yake nema, kai kana ta tallan taka. Kaɗan ya rage ka ce ya zo ya sayi wadda ke gidanka.

Vboot_Kano:
In ya yi tayi mai kyau ai ba zan ce albarka ba.

BakanikenPanteka:
Amma don adalci, ban ce Marsandin ba ta da kyau ba. In jikinta lafiya lau ne kamar yadda aka faɗa, ita ce ta fi daraja nan gaba, don fentin asali sau ɗaya ake samunsa. Sharaɗin shi ne kada a sa batir a yi ta murza makulli don a burge mai saye. A fara zubar da tsohon mai, a wanke tanki, a canza filta, a cire filogi a ɗiga ɗan mai a kowane rami, a juya inji da hannu a ji ko yana juyawa. In ya juya, akwai fata. A duba wuraren da ake sa jak guda huɗu da ƙasan batir, nan W123 ke ruɓewa. A kaɗa sitiyari a tsaye a ga yawan wasan da yake yi. Kuma kar ka yarda da kilomitar da agogo ya nuna, haƙoran cikinsa na karyewa ya tsaya cak shekara da shekaru. Kalli robar feda da kujerar direba, su ba sa ƙarya. Amma farashinta bai kamata ya yi daidai da na mota mai tafiya ba. Wadda ba ta tashi, kuɗin wadda ba ta tashi ake biya.

TsohonKakuri:
Ɗana, wani abu na manta. In ka hau Fijon, ka saki sitiyari kaɗan a miƙaƙƙen titi ka ga ko tana ja gefe. Ka saurari ƙasa lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur, in ka ji ƙugi daga baya, aksul ne ko farfela. Farfelar 504 a cikin bututu take a rufe, ba a ganin ta daga waje, sai da kunne.

Abban_Ummi:
Jama'a ga inda aka kwana. Yaron ya turo hoton lambar, 123.223 ce, ke nan 230E ce ta gaske. Na tambayi babban ɗan marigayin zancen shekara, ya ce shi dai a 1984 ya ga an kawo ta gida. Malam Tarihi, ka ci gari. Sai dai magadan su tara ne, biyu ba sa ƙasar.

Jiya kuma na je Zariya da maganaɗisun MaiFenti a aljihu. Na tarar da inji da ɗumi, mai ita ya ce wai ya kai yara makaranta ne. Maganaɗisu ya kama ko'ina sai gindin ƙofar baya ta hagu da bakin tayar wannan ɓangaren, nan ya faɗo ƙasa. Ramin safaya lafiya lau, kan shokoba babu walda. Hayaƙi ɗan baƙi-baƙi. Amma da na zauna a ciki, warin kujerun nan da ƙarar rufe ƙofa, wallahi sai da na yi shiru na ɗan lokaci. Ban yi tayi ba, na ce zan dawo da bakanike da sassafe.

MaiFenti_Gusau:
Ƙofa ɗaya da bakin taya ɗaya, gefe guda, wannan ya fi kama da tsohon karo, ba tsatsa ba. Ka buɗe but ka ɗaga kafet na wannan ɓangaren ka ga ko ƙarfen ya yi tamoji. In ƙofa ce kawai, ana samun ta Beljiyam a canza. Ka rage masa kuɗin a ciniki.

Lissafi_Dole:
Ya ce ya yi shiru na ɗan lokaci. Jama'a an gama, mai motar ya riga ya gani a fuskarsa. Ko sisi ba zai rage ba.

Maman_Walid:
Har yanzu dai ba ka amsa tambayata ba. Maman Ummi ta sani?

Abban_Ummi:
Hajiya, ta san zancen Fijo. Ba ta san da Marsandi ba tukuna.

Vboot_Kano:
To in ka fasa Marsandin, don Allah turo mini lambar babban ɗan ta akwatin sirri. Tambaya kawai zan yi.

BakanikenPanteka:
Abban Ummi, ranar Asabar ina da aiki a Samaru. In ka shirya mu haɗu ƙarfe bakwai, kafin ya sake kai yara makaranta. Ka zo da tocila da tsohuwar tabarma, za mu shiga ƙarƙashi.